Labarin ma'aikacin lafiya na karkara ma darasi ne

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mutanen duniya a karkara suke zaune, amma likitocin da ke duba su ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na likitocin duniya ba. Cikin shawarwarinta har da tura ɗaliban aikin lafiya karkara tun suna makaranta, abin da Jami'ar Flinders ta Ostareliya ta fara tun 1997, inda ɗalibi ke shafe shekara guda a can. To, ni abin da nake roƙo shi ne, wanda bai samu zuwa ba, a kawo masa ma'aikatan karkarar cikin aji su ba shi labari da bakinsu.

Ku ɗauki mace ta haihu tana zubar da jini. Littafi zai ce a yi mata allurar oksitosin mai sa mahaifa ta matse, a murza mahaifa, a tanadi jini. Daidai ne. Amma ku saurari ungozomar da abin ya same ta da tsakar dare, ita kaɗai, wuta ta ɗauke, babban asibiti kuma da nisa. A ɗauki matar a kama hanya, ko a tsaya a tsayar da jinin tukuna? Wa ta fara tasa daga barci? Me ta ce wa mijin da ke tsaye bakin ƙofa jikinsa na rawa? Jarrabawa ba ta tambayar wannan, alhali a nan rai yake tsira ko ya salwanta.

Dakta Rita Charon ta Jami'ar Columbia a Amurka ta gane haka, har ta sa ɗalibanta suna rubuta abin da ba ya shiga fayil ɗin majinyaci, su karanta wa juna.

Sai dai a kula. A ƙaramin gari ɓoye suna bai isa ba. Da ka ambaci shekaru da ciwo, an gane ko wace ce. A nemi izini, a sauya abin da zai tona asiri. Kuma don Allah kada a riƙa zaɓo labarin nasara kaɗai. Labarin da aka rasa majinyaci a hanya, shi ɗalibi ya fi bukata, kuma mai ba da shi sai ya amince da ajin kafin ya buɗe baki. Saboda haka a gayyace shi da mutunci, a sa sunansa cikin jerin malamai, a biya shi haƙƙin lokacinsa.