Ƙarfen da ke auna abin da ido ba ya gani

Assalamu alaikum mutanen Tawa da Yamai, ina wuninku? Yau kam ku yi haƙuri da surutuna, murna ce ta hana ni zama. Ku dubi 'yar kwalbar nan. Bari in kashe fitilar labo in haska ta da UV, wani irin haske da ido ba ya gani. Kun gani? Kore shar! Terbiyum ke nan, wani irin ƙarfe, kuma yau ya ba ni awon da nake nema.

Muna son sanin tazarar da ke tsakanin wurare biyu a jikin ƙwayar furotin guda, abin da bai wuce nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Sai mu liƙa terbiyum nan, mu liƙa wani rini mai ba da haske can. In lesa ta bugi terbiyum, yakan miƙa wa rinin ƙarfin hasken da ya samu. Suna kusa, miƙawar sai ta yi sauri. Tazara ta ninka biyu, saurin ya ragu sau 64. Lissafin Bajamushe Theodor Förster ne tun 1948. Daga yadda hasken ke saurin mutuwa muke fitar da tazarar.

Abin da ya burge ni shi ne haƙurin ƙarfen nan. Hasken rini na yau da kullum cikin nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan) yake mutuwa, na terbiyum ko sai ya kai milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan), kusan ninki miliyan. Sai mu jira duk wani tarkacen haske ya mutu, sannan mu auna. Paul Selvin da abokan aikinsa suka fito da dabarar a Amurka a 1994, a 1999 kuma aka auna motsin ƙofar da potasiyum ke bi a bangon ƙwayar halitta da ita.

Shi rinin kuwa, miligiram ɗaya kuɗin ragon layya ne a kasuwar Tawa, shi ya sa hannuna ke rawa.

'Yan Jami'ar Abdou Moumouni, kun tuna layuka biyun nan na ƙasan teburin Mendeleyev da ake tsallakewa lokacin bita? Terbiyum na cikin na sama, uraniyum ɗinmu na Arlit na cikin na ƙasa. Na nuna wa abokan aikina Turawa, har da ɗaga kafaɗa.

Ƙanina, in Allah ya kawo ka irin labon nan, kada ka kuskura ka kunna lesa ba tabarau, don UV ba ya yin sallama. Kuma kada ka bar terbiyum tsirara cikin ruwa, sai ka kulle shi cikin kejin sinadari, in ba haka ba ruwan zai shanye hasken ka wuni kana auna banza.