Shawarar Mutanen Hanya ga Mai Doguwar Tafiya a Keke

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayenmu da malamanmu da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. ’Yan’uwa da ƙannena matasa da kuka taho daga Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan doguwar tafiya a keke, ni kuwa na zaɓi in tsaya a kan ɓangare guda wanda na ga matasanmu sun fi sakaci da shi, wato shawarar da matafiyi yake samu daga bakin mutanen da bai taɓa gani ba, kuma mai yiwuwa ba zai sake ganinsu ba.

Mai keke da kaya a kariya yakan yi kilomita 15 zuwa 20 a awa guda idan hanya ta yi kyau, saboda haka tafiyar Zariya zuwa Kano, wadda ta kai kusan kilomita 140, aikin yini guda ne cur ga mai ƙarfi, na kwana biyu ga sauranmu. Wanda ya shiga mota a Kwangila zai wuce Tashar Yari da Kwanar Ɗangora da Kura ba tare da ya gaisa da kowa ba, amma mai keke dole ƙishirwa ta sauke shi, dole ya nemi masallaci, dole wata rana ya tura kekensa zuwa wurin mai faci. Duk inda ya jingine keken nan kuwa mutane za su taru, domin baƙon da ya zo da ƙura a fuska da gumi a riga ba ya ba kowa tsoro, kuma kafin ya buɗe baki an fara faɗa masa abin da ya kamata ya yi.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu da jagaba, amma ba su taɓa raina labarin da suke ji a zango ba, domin a nan ake sanin kogin da ya cika da sarkin da ya ƙara kuɗin fito. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, da tambaya suka isa. Fiye da wannan duka, lokacin Hijira Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya yi musu jagora, alhali a lokacin yana kan addinin mutanensa. Abin da aka duba a gare shi shi ne sanin hanya da riƙon amana.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan zama shi ne cewa sanin kowane mutum yana da iyaka, kuma aikin matafiyi shi ne ya gane inda iyakar take kafin ya ɗora tafiyarsa a kan magana. Mutumin ƙauye malami ne a kan ƙasarsa: ya san rijiyar da ruwanta ke da daɗi, ya san gadar da ruwan bara ya cinye, ya san ranar kasuwa. Da zarar magana ta wuce inda ƙafarsa take kai shi, to ji-ta-ji-ta yake ba ka, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa. Za ku lura cewa a garuruwa da yawa ana ce wa baƙo, nan dai lafiya lau muke, amma mutanen gaba sai ka yi hattara da su. Idan ka isa gaban, sai a karɓe ka hannu bibbiyu, a ba ka ruwa da tabarma, sa’an nan a nuna mamakin yadda ka ratso garin baya ba abin da ya same ka.

Batun nisa ya fi kowane batu jefa mai keke cikin wahala, saboda haka zan daɗe a kansa. Idan ka tambayi direba nisan gari, da gudun motarsa zai auna maka, ya ce minti ashirin ne, kai kuwa minti ashirin ɗin nan nasa awa biyu ce a gare ka. Ɗan acaɓa da man da zai ƙona yake aunawa. Manomi kuwa ya saba da hanyar tun yana yaro, ba ya ganin tsawonta, sai ya nuna da haɓa ya ce ai ga shi nan bayan wancan tudun. Akwai kuma kara irin tamu ta Hausawa, wadda take sa mutum ya ji nauyin karya wa baƙo gwiwa, ko ya ji kunyar cewa bai sani ba, sai ya ce saura kaɗan don ya faranta maka. Babu ɗayansu da ya yi nufin cutar da kai. Gyaran yana wurin mai tambaya. Ka nemi wanda yake hawa keke kamarka, irin masu kai itace ko rake ko tumatir kasuwa, ka auna masa da lokutan salla: Baba, idan na tashi yanzu bayan Azahar, zan riski La’asar a can, ko sai Magariba? Sa’an nan ka ƙara da tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato yaushe rabonsa da bin hanyar. Wanda ya bi ta jiya da wanda ya bi ta bara ba su zama ɗaya ba.

Haka kuma kowace tambaya tana da mai ita. Mai faci ya san hanyar da ƙaya ta yi yawa, domin tayoyin da suka fashe a kanta duk wurinsa suke zuwa, kuma shi zai faɗa maka garin da za ka sami sarƙa ko robar burki idan taka ta gaza. Mai shayi ya san wanda ya wuce da asuba da abin da direbobin dare suka ba da labari. ’Yan kamasho a tasha sun fi kowa sanin hanyar da motoci suka daina bi da yamma. Matan da ke ɗiban ruwa su ne masana rijiya da burtsatse, sai dai tambayarsu tana bukatar ladabi, kuma a wurare da yawa ya fi kyau a aiki yaro. Tsofaffin manoma kuwa, idan suka dubi gabas da damina suka ce ka dakata hadari na tafe, ka dakata.

Ba kowace shawara ake karɓa ba, ko da ta fito daga bakin dattijo. Za a ba ka jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƙarin ƙarfi, a ce da su leburori suke yini suna aiki. Ka yi godiya, kada ka sha abin da ba ka san sunansa ba. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a ƙasashen Sakkwato da Katsina da Borno yakan haura digiri 40, kuma abin da jiki yake nema shi ne ruwa mai tsabta da inuwa daga hantsi ya dubi ludayi har rana ta yi sanyi. Idan gudawa ta kama ka, ma’aunin da ma’aikatan lafiya suke koyarwa shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da hunturu kuma iska daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka wanda ya nufi Kano ko Haɗeja daga nan gaba da gaba zai yi da ita, kuma lissafinsa na yini sai ya rage shi.

Yanzu na zo kan batun da ya fi nauyi, wato tsaro. Dukkanmu mun san halin da hanyoyin Birnin Gwari da wasu sassan Zamfara da Katsina suka shiga a shekarun nan, kuma a wannan babi ban yarda a yi jarumtaka ba. Idan mutanen gari, da direbobi, da jami’an tsaro a shinge suka haɗu a kan cewa kada ka bi wata hanya, to ka ɗora kekenka a mota ko ka sauya hanya; wannan bai rage komai daga darajar tafiyarka ba. Bambancin wannan da tsoron mutanen gaba da na ambata ɗazu shi ne, a nan za a faɗa maka wuri da rana da abin da ya faru, kuma bakin mutanen da ba su san juna ba zai zo ɗaya. Tafiyar dare kuwa babu ita sam. Ya zo a cikin Bukhari cewa da mutane sun san abin da Annabi ya sani game da kaɗaici, da mahayi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba.

Ku sani kuma cewa yawan tambaya a yau yana iya jawo zargi, domin garuruwan da aka sha kai wa hari suna tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto, kuma suna da hujjar yin haka. Ɗalibin nan ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, wanda ya kama hanyar Jami’ar Azhar a keke a shekarar 2023, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, an tsare shi a hanya ba sau ɗaya ba, sa’an nan a Chadi mutanen da ba su san shi ba suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. Duka biyun, wato zargi da taimakon mutane, suna jiran kowane matafiyi. Saboda haka idan ka shiga gari da yamma ka fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci, ka nuna katin shaidarka, ka faɗi daga inda ka fito, ka bar shi ya zaɓa maka masauki. Ka yi tambaya a kan hanya, amma ba dole ne kowa a bakin kasuwa ya san ƙarfe nawa za ka tashi da inda za ka kwana gobe ba.

Akwai wata irin shawara dabam wadda ba ta shafi hanya ba, ita ce kuma ta fi daɗewa a zuciya. Bayan an yi sallar Isha, an ci tuwo, hira ta yi nisa, sai ka tambayi mai masaukinka abin da rayuwa ta koya masa wanda yake so yaro kamarka ya sani. Na lura cewa mutum yakan faɗa wa baƙo abin da ba zai faɗa wa maƙwabcinsa ba, saboda ya san da safe baƙon zai wuce. Da farko kusan kowa haƙuri da gaskiya da biyayyar iyaye zai ambata, kuma kada ka raina wannan don ka saba jin sa. Ka ƙara tambaya cikin ladabi, ka ce Baba, me ya faru har kuka gane haka? A nan ne za ka ji labarin gonar gado da ta raba ’yan’uwa shekara da shekaru, ko bashin da aka ci don biki, ko ɗiyar da aka cire daga makaranta ake nadama har yau. Irin wannan magana ba a samun ta a tsaye da ƙafa ɗaya a kan feda. Sai an sauka, an gaisa gaisuwa cikakkiya, an tambayi gida da gona da dabbobi.

Hadisi ya ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne, ni kuma ina ganin wanda ya karɓi shawarar shi ma ya ɗauki amana. Ina roƙonku, ƙannena, ku riƙa tafiya da ɗan littafi da biro, ku rubuta abin da aka faɗa muku a daren da aka faɗa, tare da sunan garin da sana’ar mai maganar. Idan kuna son ɗaukar murya ko bidiyo da waya, ku nemi izini ƙarara, ku kuma bayyana wa dattijon cewa abin zai iya kaiwa Facebook ko TikTok inda ’ya’yansa da surukansa za su gani, domin da yawansu ba su san nisan da wayar nan take kai magana ba. Idan ya ce a’a, ku mayar da wayar aljihu ku ci gaba da saurare. Idan kuma labarin ya shafi wani mutum da ba ya wurin, to sunansa da sunan garin su tsaya a littafinku kaɗai.

Na ga shugaban taro yana yi mini alama cewa lokaci ya yi, saboda haka zan dakata a nan domin masu tambaya su samu dama. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.