Guraben Koyarwa a Fannin Kwamfuta da Kasuwanci: Lacca ga Ɗalibai Masu Kammala Digiri

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai 'yan'uwana, da ku 'ya'yana ɗalibai, sannunku da zuwa. Na can baya kuna jina? To, madalla.

An ce in yi magana kan guraben koyarwa da jami'o'inmu ke tallatawa a fannin kwamfuta da na kasuwanci. Bari mu fara da abin da ya kawo yawansu. A watan Disamban 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS, ta ware kwamfuta ta zama fanni mai cin gashin kansa. Abin da a da sashe ɗaya ne a ƙarƙashin kimiyya, yanzu ya haifi tsaron intanet, da injiniyancin manhaja, da kimiyyar bayanai, da sauransu. Kowane kwas kuwa sai an tantance shi, kuma idan masu tantancewar suka zo, ƙirga malamai suke yi, su ga nawa ne ke da digirin digirgir.

Ga kuma masu tafiya. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, na 2022 ya ɗauki wata 8. Malamin da ya iya rubuta manhaja, yana zaune a ɗakinsa kamfanin waje zai ba shi aiki ya biya shi da dala. Na akanta kuma banki na jiransa. To, da me za ka riƙe shi? Saboda haka gurbi akwai, amma kada wanda ya shigo da tunanin zai yi kuɗi. Na faɗa muku tsakani da Allah.

Yanzu matakan. Mai digirin farko da ya fita da daraja ta ɗaya, ko ta biyu mai sama, kuma ya gama bautar ƙasa, ana ɗaukarsa a matakin farko, yana taimaka wa malamai yana karatun digiri na biyu. Mai digiri na biyu yakan fara a matsayin mataimakin malami. Daga nan fa hanya sai ta ƙuntata: ba za ka zama babban malami ba, balle farfesa, sai da digirin digirgir da maƙalun da ka wallafa. Ku 'yan akanta, takardar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wato ta ICAN ko ta ANAN, tana ƙara muku kwarjini, amma ba ta maye gurbin digirgir. Abin da zai sanyaya muku rai shi ne TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu wadda dokar 2011 ta kafa, tana ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman jami'o'in gwamnati. Sai dai za ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi aiki.

Maganar maƙala, don Allah ku yi hattara da mujallun da za ka tura kuɗi yau, gobe a buga maka. Kwamitin tantancewa ya san su, kuma zubar da mutuncinka suke yi. Haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka takardar ɗaukar aiki, ɗan damfara ne.

Idan talla ta fito, ku karanta ta har ƙarshe. Sau da yawa ana neman mutum 3 da za su shaide ka, su aika wasiƙarsu kai tsaye ga magatakardar jami'a. Ka je ka same su tun da wuri, ka kai musu takardunka, kada ka bari sai ana gobe za a rufe.

Lokaci ya ja. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa makirfo.