Umarnin da Trump ya soke, da dokar da alƙalaminsa bai kai gare ta ba

[Bidiyo: Trump yana sa hannu, yana ɗaga takardar sama]

Kun ga wannan sa hannun? A Janairun 2025 ne, kuma da shi aka soke umarnin hana wariya a ɗaukar aiki da ya yi kusan shekara 60 yana aiki. Tun daga lokacin saƙo ke yawo a WhatsApp wai yanzu a Amurka kamfani na da damar ƙin ɗaukar ka aiki don kai baƙar fata ne, ko don ke mai hijabi ce. Ba haka abin yake ba.

[Tsofaffin hotuna, a bi su da sauri]

Tarihin a gurguje. 1941, Shugaba Roosevelt ya hana wariya a masana'antun makamai, bayan jagoran 'yan ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar cika Washington da masu zanga-zanga. 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a umarni mai lamba 11246 na hana wariya a ɗaukar aiki, a 1967 aka shigar da mata. Wannan ne Trump ya soke.

[Allo ya rabu biyu: Fadar White House, ginin majalisa]

To, a nan ake tuntuɓe. Umarnin shugaban ƙasa daban, dokar majalisa daban. Da umarni, shugaba yana gaya wa hukumomin da ke ƙarƙashinsa ne yadda za su tafiyar da aiki. Shi ya sa na Johnson bai hau kan kowane kamfani ba, sai masu cin kwangilar gwamnatin tarayya. Sharaɗi ne: kana son kuɗinmu, to ban da nuna bambanci. In kuma kana da ma'aikata 50 da kwangilar dala 50,000, sai ka rubuta tsarin da za ka bi ka jawo mata da 'yan tsiraru, Ma'aikatar Ƙwadago ta zo ta binciki takardunka. Abin da shugaba ya rubuta shi kaɗai, magajinsa na iya gogewa kafin shayinsa ya huce.

Dokar 'yancin jama'a ta 1964 kuwa majalisa ce ta yi ta. Sashenta na 7 ya haramta wa duk kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama nuna bambancin launin fata, addini, jinsi ko ƙasar asali, da kwangila ko babu. Soke ta sai majalisun biyu sun kaɗa ƙuri'a. Tana nan daram, haka ma hukumar EEOC mai karɓar ƙorafi, wadda yawanci kwana 180 take ba mutum ya kai kukansa.

[Hoto: Kotun Ƙoli]

Da wannan dokar aka ci shari'ar Samantha Elauf a 2015, budurwar da kantin Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗauka saboda ɗankwalinta. Alƙalai takwas suka ba ta gaskiya, ɗaya ya ƙi.

Kenan ba a rasa komai ba? An rasa, kuma ni a ganina ba kaɗan ba. Da, gwamnati ce ke zuwa ta duba ko ba wanda ya kai ƙara. Yanzu kai ne za ka gane an zalunce ka, kai ne za ka kai kuka. Wanda ya tura takardar neman aiki aka yi masa shiru, ta yaya zai san dalili?

Sabon umarnin na Trump ya kuma ce 'yan kwangila su ba da tabbacin ba su da shirin DEI (wato na daidaito da damawa da kowane irin mutane a wurin aiki) da ya saɓa doka, amma bai fayyace wanne ne ya saɓa ba. Kun san kamfani da tsoron lauya.

[Tamburan kamfanoni suna wucewa]

Kamfanin Target ya ja da baya daga shirinsa na DEI cikin kwanaki. Walmart da Meta ko rantsar da Trump ba su jira ba. A Costco kuwa, sama da kashi 98 na ƙuri'un masu hannun jari suka yi watsi da ƙudurin da ya ƙalubalanci tsarin na DEI. Sharuɗɗan 'yan kwangila kan naƙasassu da tsofaffin sojoji ma suna nan, domin daga dokokin majalisa na 1973 da 1974 suka fito.