Amsoshin Tambayoyinku: Su Waye Fitattun Mutanen Wales?

Jama'a masu saurarenmu, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. A wannan makon mun tattaro wasiƙun da suka shafi wuri guda, wato Wales da mutanen da ta haifa. Sai ku gyara zama.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani matashi a Funtua, wanda ya ce shi magoyin bayan Real Madrid ne tun yana firamare. Yana tambaya: tun da Gareth Bale ɗan Birtaniya ne, me ya hana shi buga wa Ingila? Shin Wales ƙasa ce ko jiha?

To ɗan'uwa, Birtaniya haɗakar ƙasashe huɗu ce: Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa. Wales tana yamma da Ingila, babban birninta Cardiff, mutanenta kuma sun ɗan haura miliyan 3. Tana da harshenta, da tutarta, da majalisar dokokinta da ta fara zama a 1999, amma fasfo da soja da kuɗi duk na Birtaniya ne. Maganar ƙwallo kuwa tsohon tarihi ce. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Wales a 1876, ita kuwa FIFA sai a 1904 aka kafa ta, saboda haka ta zo ta tarar da Ingila, Scotland, Wales da Ireland kowace da tawagarta, aka bar su a haka. Bale a Cardiff aka haife shi a 1989, don haka gida ya yi wa wasa, har sau 111. Ya koma Madrid daga Tottenham a 2013 a kan kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a lokacin, ya ɗauki Kofin Zakarun Turai sau 5. Na tabbata ba ka manta wasan ƙarshe na 2018 da Liverpool ba, inda ya shigo daga benci ya yi alkafura ya buga ƙwallo ta baya ta faɗa raga.

Sai dai dattawan Wales in ka ce musu Bale ne gwarzon da ba a taɓa yi ba, za su ce ka dakata, ka ji labarin John Charles. Mutumin Swansea ne, ya bar Leeds ya koma Juventus a 1957, ya ɗauki kofin gasar Italiya sau 3, yana buga gaba yana buga baya, kuma duk tsawon shekarunsa a fili alƙalin wasa bai taɓa yi masa gargaɗi ko ya kore shi ba. A gasar cin Kofin Duniya ta 1958 rauni ya hana shi buga wasan kwata-fainal da Brazil. Wales ta sha kashi da ci ɗaya mai ban haushi, wanda wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Pele ya zura. Daga nan Wales ba ta sake zuwa gasar ba sai a Qatar a 2022, Bale yana kyaftin. Magoya bayan Liverpool kuma, Ian Rush naku, mai ƙwallo 346, shi ma ɗan Wales ne.

Ga wata daga Jos. Wata baiwar Allah ce take cewa mahaifinta yana yawan faɗa musu akwai wata shahararriyar mawaƙiyar Birtaniya da asalinta 'yar Najeriya ce, tana son a tabbatar mata.

Hajiya, Baba ya yi gaskiya. Shirley Bassey yake nufi. An haife ta a Cardiff a Janairun 1937, mahaifinta Henry Bassey ɗan Najeriya ne daga yankin Kalaba, mahaifiyarta kuma Baturiyar Ingila. Ta bar makaranta da wuri ta shiga aikin masana'anta, da dare tana waƙa a ƙananan wuraren shaƙatawa. A 1959 ta zama mutum na farko daga Wales da waƙarsa ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, kuma ita ta rera waƙar buɗe finafinan James Bond har guda 3.

Yadda aka yi mutumin Kalaba ya je ya yi iyali a Cardiff shi ne abin da ya fi jan hankalina. Kudancin Wales ƙasar kwal ce. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya tashar jiragen ruwan Cardiff tana cikin manyan tashoshin fitar da kwal a duniya, jiragen kuma suna buƙatar ma'aikata. Sai matuƙa da masu zuba wa injin wuta suka yi ta zuwa daga Somaliya, Yemen, Afirka ta Yamma da tsibiran Karebiyan, suka zauna a unguwar bakin tasha da ake kira Tiger Bay, ko Butetown. Suka yi aure, suka hayayyafa, Musulmin cikinsu suka kafa masallatai. Zaman bai zo da sauƙi ba. A Yunin 1919 gungun fararen fata sun afka wa unguwar, an ƙona gidaje, an rasa rayuka.

A wannan unguwa aka haifi Betty Campbell a 1934. Tana yarinya ta faɗa wa malamarta tana son zama malama, aka nuna mata cewa baƙar yarinya 'yar talakawa ba za ta kai ba. Ta kai, har ta zama baƙar fata ta farko da ta shugabanci makaranta a Wales, a firamaren Mount Stuart da ke cikin unguwar tasu, inda ta riƙa koya wa yara tarihin baƙar fata tun ba a sa shi a manhaja ba. Ta rasu a 2017, a 2021 aka kafa mutum-mutuminta a tsakiyar Cardiff. Daga nan ne kuma Billy Boston ya fito, gwanin wasan zari-ruga, wanda sai da ya ƙaura arewacin Ingila, ƙungiyar Wigan, kafin a ba shi filin nuna bajintarsa. Mahaifinsa mutumin Saliyo ne, kamar yadda kakan Ryan Giggs na Manchester United shi ma daga Saliyo yake. Hal Robson-Kanu kuwa, wanda ya ci Belgium kyakkyawar ƙwallon nan a gasar Turai ta 2016, mahaifinsa ɗan asalin Najeriya ne, ta wajen kakarsa ya samu damar buga wa Wales.

Yanzu sai tambayar da na fi so a wannan mako. Wani ma'aikacin jinya ne daga Azare ya rubuto, yana cewa abokan aikinsa da suka tafi Birtaniya suna ba shi labarin cewa a can mara lafiya ba ya biyan kuɗi a asibitin gwamnati. Wa ya kawo wannan tsari?

Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan aikin da kake yi. Sunan mutumin Aneurin Bevan, kuma in da za a ce in zaɓi mutum ɗaya daga duk waɗanda za mu ambata yau, shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. An haife shi a 1897 a garin Tredegar, ɗan mahaƙin kwal. Yana da i'ina, makaranta ba ta karɓe shi ba, yana ɗan shekara 13 ya bar ta ya shiga aikin mahaƙa. Karatunsa a ɗakin karatu na ma'aikatan garin ya yi shi, kuma da karatun da yawan magana a tarukan ƙungiyar ƙwadago ya shawo kan harshensa har ya zama ɗaya daga cikin masu iya jawabi na zamaninsa. Mahaifinsa ciwon huhun da ƙurar kwal ke jawowa ne ya yi ajalinsa. A 1929 mutanen Ebbw Vale suka tura shi majalisar dokoki a Landan a ƙarƙashin jam'iyyar Labour.

A Tredegar akwai wata ƙungiyar taimakon juna da ma'aikata suka kafa tun 1890. Kowane mako ana cire 'yan kwabbai daga albashin kowa, kamar dai yadda ake zubin adashi, sai dai a nan kwasar ba ta bin layi, wanda ciwo ya kama shi ke amfana. Da kuɗin ake biyan likitoci da magani, har ta kai kusan kowa a garin yana ƙarƙashin tsarin. Bevan ya taso yana ganin wannan yana aiki. Da Labour ta ci zaɓe a 1945 aka ba shi ministan lafiya da gidaje, sai ya ɗauki abin da ƙaramin gari ya yi wa kansa ya shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya: a biya daga haraji, kowa ya samu magani gwargwadon ciwonsa, kada a tambaye shi kuɗi a bakin ƙofa. Ya mayar da asibitoci hannun gwamnati. Ƙungiyar likitoci ta yi masa tirjiya sosai, sai ya sassauta, ya bar manyan likitoci su ci gaba da ganin masu biyan kuɗi a gefe, da haka ya samu suka shigo. Ranar 5 ga Yulin 1948 hukumar kula da lafiya ta ƙasa, wato NHS, ta fara aiki.

Ku lura da lokacin. Ƙasar ta fito daga yaƙi, bashi ya yi mata katutu, abinci ma da kati ake rabawa. Ba su jira sai sun yi arziki ba. Sannan a 1951, da gwamnatinsu ta ce za a fara karɓar kuɗi a kan tabarau da haƙoran roba, Bevan ya ajiye muƙaminsa na minista ya fita. Ya rasu a 1960. Yau NHS tana fama da dogon layin jira da ƙarancin ma'aikata, abokanka na can za su faɗa maka, amma har gobe wanda ya faɗi a titi ba a fara tambayarsa ko ya zo da kuɗi.

Wani dattijo daga Mubi yana tambaya ko mutumin Wales ya taɓa mulkin Birtaniya. Baba, an yi, kuma mulkinsa ya taɓa garinku. David Lloyd George a Manchester aka haife shi a 1863, amma iyayensa 'yan Wales ne, ya kuma tashi a ƙauyen Llanystumdwy a hannun kawunsa mai ɗinkin takalma, da harshen Wales a bakinsa kafin Turanci. Yana ministan kuɗi ya kawo dokar inshorar ma'aikata ta 1911, ya zama firaminista daga 1916 zuwa 1922. A zamanin gwamnatinsa ne, a 1919, Birtaniya da Faransa suka shata iyakar da ta raba Kamaru da aka ƙwace daga hannun Jamus, ba tare da an tambayi mutanen ƙasar ba. Mubi ta faɗa ɓangaren Birtaniya, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya shiga Najeriya. Sanarwar Balfour ta 1917, wadda ta goyi bayan kafa wa Yahudawa matsuguni a Falasɗinu, ita ma gwamnatinsa ce ta fitar. Don haka mutumin da talakan Birtaniya ke yi wa addu'a, wasu al'ummomin suna da nasu ƙorafin a kansa, kuma ƙorafin yana da tushe. Haka Henry Morton Stanley, wanda ya share wa Sarki Leopold na Belgium hanya a Kongo, haifaffen Denbigh ne a arewacin Wales.

A cikin gida kuwa, a Maris na 2024 Vaughan Gething, wanda aka haifa a Zambiya, ya zama shugaban gwamnatin Wales, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan kujera a Turai. Watanni kaɗan ya yi ya sauka, bayan cece-ku-ce kan gudummawar kuɗin yaƙin neman zaɓe, Eluned Morgan ta gaje shi, mace ta farko a kujerar.

Mai tambaya daga Kumasi game da 'yan fim, a taƙaice: Richard Burton ɗan mahaƙin kwal ne, na 12 cikin 'ya'ya 13, kuma sunan malaminsa da ya riƙe shi ya ɗauka. Anthony Hopkins ɗan mai gidan burodi ne, ya ci kyautar Oscar a 1992, ya sake ci a 2021 yana da shekara 83. Dukansu daga yankin Port Talbot suke, garin masana'antar ƙarfe.

Ta ƙarshe daga wata malamar makaranta ce a Maraɗi. Tana tambaya ko harshen Wales yana nan da rai, kuma wa ya tsaya masa. Malama, yana nan. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kusan 538,000 suna jin sa. A ƙarni na 19 akwai makarantun da ake rataya wa yaro katako a wuya in an ji shi yana magana da harshen uwarsa, wanda katakon ya ƙare a wuyansa kuma ya sha bulala. Duk wanda aka taɓa hukuntawa a makaranta saboda ya yi Hausa ya san zafin wannan. Cikin waɗanda suka tsaya wa harshen akwai William Morgan, da ya fassara Baibul gaba ɗaya zuwa harshen a 1588, abin da ya ba shi tsayayyen rubutu. Sai kuma Gwynfor Evans, shugaban Plaid Cymru, jam'iyyar masu kishin Wales. Gwamnatin Margaret Thatcher ta yi alkawarin tashar talabijin ta harshen Wales, ta zo ta janye. A 1980 Evans, yana dab da shekara 68, ya shelanta cewa zai daina cin abinci har ya mutu in ba a cika alkawari ba. Gwamnati ta sauko kafin ranar da ya sa, tashar S4C kuma ta fara watsa shirye-shirye a Nuwamban 1982. Yanzu ana koyar da harshen a makarantun gwamnati har yaro ya kai shekara 16, hukumomin Wales kuma sun sa wa kansu burin samun masu magana da shi miliyan 1 nan da 2050.

Lokaci ya cimma mana. Waɗanda suka tambayi labarin ɗan dambe Joe Calzaghe da ɗan tseren keke Geraint Thomas, ku yi haƙuri, wasiƙunku suna nan a ajiye sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.