Günter Eich, Mutumin da Ya Hana Jamusawa Barci

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. A daren 19 ga Afrilu 1951 gidan rediyon NWDR da ke birnin Hamburg ya watsa wani wasan kwaikwayo mai suna Träume, wato Mafarkai. Tun shirin bai ƙare ba wayar gidan ta ɗauki ƙara. Jama'a ne a fusace, wasu na cewa a dakatar da shirin, wani ma ya tambaya ko ba za a kulle marubucin ba. Marubucin shi ne Günter Eich, kuma yau a kansa za mu yi sharhi.

Mafarkai biyar ne a wasan, duk munana. A na farko, wasu mutane ne kulle cikin taragon jirgin ƙasa da ba ya tsayawa. Sun daɗe a ciki har sun yi jikoki, jikokin kuma ba su yarda akwai wata duniya a waje ba, suna ɗaukar zancen kakanninsu ruɗun tsufa. Da wata 'yar ƙofa ta buɗe a jikin taragon suka leƙa suka ga fili, sai tsoro ya kama su, suka toshe ta. A wani mafarkin iyaye ne suka sayar da ɗansu ga wani attajiri marar lafiya mai buƙatar jininsa. A na ƙarshe, gara ce ta cinye birnin New York ta ciki, gine-gine da mutane, komai yana tsaye kamar lafiya lau, jiran tsawa ɗaya kawai yake ya zube. Duk wanda gara ta taɓa cinye wa azarar ɗaki ya san yadda abin yake.

Ku tuna shekara 6 kacal ke nan da ƙare yaƙin duniya na biyu. Jamusawa sun fara sake gina garuruwansu, abin da suke nema daga rediyo da dare shi ne kiɗa da abin kwantar da rai. Sai ga mutum ya sa musu ƙarar taragon jirgi a kunne, a ƙasar da kowa ya san abin da aka ɗauka a irin waɗannan taragu zuwa sansanonin kisa. Daga baya ya ƙara wa wasan wasu baitoci inda yake kiran mutane su farka, su zama yashi a cikin injin duniya, kada su zama man da ke sa shi gudu.

An haifi Eich a 1907 a garin Lebus, bakin kogin Oder. Ya karanci harshen Sin a Berlin da Paris. Ya yi soja a lokacin yaƙi, Amurkawa suka kama shi a 1945, kuma daga zaman sansanin fursunoni ya fito da waƙarsa Inventur, wadda ba komai a cikinta sai lissafin abin da ya rage masa: hula, kwat, gwangwanin cin abinci, bakin fensir. A 1950 shi ya fara karɓar kyautar ƙungiyar marubuta ta Gruppe 47. Ba a daɗe ba tsofaffin sojojin da yaƙi ya makantar suka ba shi kyautarsu ta wasan rediyo, kuma ni a ganina babu alƙalan da suka fi su cancanta, domin su kunne kaɗai suke auna aiki da shi. A 1953 ya auri marubuciya Ilse Aichinger 'yar Ostiriya, wadda 'yan Nazi suka kashe kakarta saboda Bayahudiya ce. A 1959 ya karɓi kyautar Büchner, babbar kyautar adabin Jamusanci.

To amma akwai wani Eich ɗin kafin wannan. Daga 1933 zuwa 1940, da rediyon gwamnatin Hitler yake cin abinci. Ya rubuta shirye-shirye fiye da 100, har da wani na wata-wata da suke yi da abokinsa Martin Raschke, mai yabon zaman ƙauye da kwanciyar hankali, daidai abin da masu mulki ke so jama'a su ji. A 1940 ya rubuta Rebellion in der Goldstadt, kan yajin aikin masu haƙar zinariya na 1922 a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka watsa shi cikin farfagandar ƙin jinin Birtaniya. Faifan wasan bai bayyana ba sai a 1993, aka yi ta ja-in-ja tsakanin masu kāre shi da masu tuhumarsa.

Mu da muke zama gaban makirfo, wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Eich bai riƙe muƙami ba, bai yi suna da zagin kowa ba. Aiki ya samu, albashi na shiga, ya yi ta rubuta abin da ke sa mutane barci a lokacin da ake ɗebe maƙwabtansu. Shi ya sa ban yarda da masu cewa tarihinsa ya soke gargaɗinsa ba. Ya san yadda ake lallashin al'umma ta rediyo domin da hannunsa ya yi, kuma tsoron da ke cikin Mafarkai tsoron wanda ya ga abin ta ciki ne.

Inda nake riƙe da shi wani wuri ne daban. A wata wasiƙa ta 1947 ya amsa cewa bai yi wa mulkin Nazi tirjiya ba, kuma ba zai yi kamar ya yi ba. Wannan gaskiya ce, amma a wasiƙa ya faɗe ta, ga mutum ɗaya. Miliyoyin da suka saurare shi a shekarun 1950 sun ji yana ce musu su farka, ba su ji ya zayyana musu abin da shi kansa ya rubuta a 1940 ba. Ya rasu a Salzburg ranar 20 ga Disamba 1972, ya bar wa manazarta aikin tono abin da ya fi kowa ikon bayyanawa.