Gashin Kare da Atishawa: Darasin Kiwon Dabbobi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na kiwon dabbobi. Wata baiwar Allah ce ta turo mana saƙo, ta ce maigidanta ya kawo karen gadi, tun daga nan ɗansu bai daina atishawa ba, idonsa ja, hanci na yoyo. An ba su shawara su aske karen ko su sauya shi da wanda ba ya zubar da gashi. To Hajiya, a dakata da reza tukuna, a saurare ni.

Mu Hausawa da na mutum da na dabba duk gashi muke ce musu. Turawa kuwa biyu gare su, ɗaya ta irin gashin kanmu, ɗaya ta irin na jikin dabba, kuma masu sayar da karnuka suna amfani da wannan bambanci su tsauwala kuɗi. Alhali duka biyun abu ɗaya aka yi su da shi, sinadarin keratin, wanda shi ne a farcenka, shi ne a ƙahon sa da kofaton doki. Bambancin yana wajen tsawon ran kowane sili. Gashi yakan tsiro, ya yi ta girma, ya tsaya, ya huta, sannan ya faɗi sabo ya maye gurbinsa. A kare irin Poodle ko Maltese lokacin girman yana da tsawo, sai gashin ya yi ta tsayi kamar na mutum, dole a riƙa rage shi da almakashi. Wanda ya faɗi ma yakan maƙale cikin sauran, bai cika sauka ƙasa ba. A wasu kuwa gashin yana kai wani tsayi sai ya tsaya ya zube.

Karen nan da 'yan sanda ke yawo da shi, ɗan asalin Jamus, riga biyu gare shi. Ta sama mai kauri ce, tana tare ruwa da rana. Ta ƙasa mai laushi ce kamar auduga, ita ce kake gani tana tashi a tsakar gida. A ƙasashen Turai wannan ta ƙasan tana zuba sosai sau biyu a shekara, saboda tsawon yini yana sauyawa ƙwarai tsakanin sanyi da zafi, jikin kare kuma hasken rana yake bi. A nan wajenmu yini da dare ba su da wannan tazara, shi ya sa za ka ga yana zubarwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Kada ka aske irin wannan kare wai don zafi. Ka cire masa laimarsa ne, rana ta ƙona fatar, kuma gashin ba lallai ya dawo yadda yake ba.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Ba gashin ne ke sa yaron atishawa ba. Abin da jikinsa ya ƙi, wato alaji, wasu sinadarai ne da ke cikin yawun kare, da amosanin fatarsa, da fitsarinsa. Kare ya lashe jikinsa, yawun ya bushe, ya tashi da ƙura. Gashi ɗan dako ne kawai. Akwai ma wani sinadarin da namijin kare kaɗai ke fitarwa, har za ka samu mutum yana wahala da namiji amma mace ba ta dame shi.

A 1989 wani mai horar da karnukan makafi a Ostireliya, Wally Conron, ya haɗa kare irin Labrador da Poodle suka haihu, domin wata makauniya a Hawaii wadda mijinta ke da alaji. Daga nan aka shiga tallar karnukan da wai ba sa tayar da ciwo. A 2009 iyalan Obama ma irin mai ƙarancin zubar gashi suka ɗauka, saboda 'yarsu Malia. Amma a 2011 masu bincike a asibitin Henry Ford da ke Detroit suka auna ƙurar gidaje, ba su ga wani bambanci ba tsakanin gidan mai irin wannan kare da gidan mai kare gama-gari. Abin yana min ciwo in ga an zuba kuɗi an sayo kare mai tsada, yaro kuma yana nan yana shaƙewa.

Hajiya, karen gadi ne, to ya tsaya a bakin aikinsa. A yi masa wurin kwana nesa da ɗakin yara, kada ya hau tabarma ko katifa. Wanda ba shi da alaji ya riƙa taje shi a waje, ya yi masa wanka da sabulun karnuka. A yayyafa ruwa kafin shara, musamman da hunturu. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu. Idan yaron ya fara tari cikin dare ko ƙirjinsa na ƙara kamar ana fito, mai yiwuwa alamar asma ce, a kai shi asibiti, a kuma nemi gwaji, domin mai yiwuwa ƙurar ɗaki ce ko kyankyaso ba karen ba.

Idan kuwa gashin karen yana cirewa wuri-wuri, fata ta yi ja, yana ta susa, wannan ba zubar gashi ta al'ada ba ce. Ƙazuwa ce, ko ƙuma, ko makero, shi makero kuma yana kama yara. Don Allah kada a shafa masa baƙin mai, guba ne, zai lashe. A kai shi wurin likitan dabbobi, tunda an je kuma a yi masa allurar rigakafin haukan kare.

Lokaci ya cinye mu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan kaska. A huta lafiya.